Yadda Za Ka Hango Tsananin Zafi da Ɗaukewar Ruwa Tun Kafin Su Iso: Jagora ga 'Yan'uwa a Jazira, Sinnar da Gadarif

Zafin da ke kwantar da mutane a filayen Jazira da Sinnar da Gadarif na ƙasar Sudan ba ya faɗowa kwatsam. Kwana biyu ko uku kafin ya sauka, iska ta riga ta canja hali, dare ya daina hucewa, ruwan randa ma ya canja a baki. Wanda ya iya lura da waɗannan zai san ranar da zai hana yara fita kiwo da tsakar rana, da ranar da zai cika duk mazubin da ke gidan, da ranar da zai bar irinsa a buhu ko da maƙwabta sun fita shuka. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, wuta da famfo da layin waya sun zama abin da ba a dogara da shi a garuruwa da dama. Shi ya sa na tsara wannan jagora yadda mafi yawanta za ta yi aiki ko babu waya a hannu.

Kayan aikin ba su da yawa: ma'aunin zafi na gilashi irin wanda ake ratayewa a bango, wanda lambobinsa suka kai 50, da littafin rubutu, da gora doguwa da tsumma, da kofin silba, da gwangwani mai miƙaƙƙen jiki. Waya mai intanet ƙari ce.

Fara da sanin iskoki biyu

Duk lissafin yanayin ƙasar nan ya rataya ne a kan iska biyu. Ɗaya tana saukowa daga arewa, ta ratso saharar Masar da ƙasar Nuba, a bushe ƙayau. Ɗayar tana tasowa daga kudu maso yamma, ta ratso dazuzzukan Kwango da Sudan ta Kudu, ɗauke da laima. Inda suka haɗu akwai iyaka, kuma iyakar nan ba ta zama wuri ɗaya. Tana bin rana zuwa arewa: ta kan iso yankin Damazin daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, ta ratsa Sinnar da Madani tsakanin Mayu da Yuni, ta wuce Khartum, ta kai ƙarshen tafiyarta a cikin Agusta, sannan ta juyo. Tafiyarta irin ta makiyayi ce da garkensa, yau ya yi gaba, gobe ya ɗan koma baya, ya yada zango mako guda, sannan ya sake tashi.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne ruwa ba ya sauka a kan iyakar kanta. Ruwan kirki yana baya, kilomita ɗari biyu ko fiye a kudancinta. Saboda haka akwai wani tsiri na ƙasa inda iska ta riga ta juya kudu, laima ta shigo, ana hango walƙiya da dare, amma ko ɗigo bai sauka ba. Garin da ya faɗa cikin wannan tsiri shi ke shan mafi munin zafi. Kuma in iyakar ta koma baya a tsakiyar damina, shi ne ɗaukewar ruwan da ke ƙone shuka. Kenan tambaya ɗaya ce za ka riƙa yi wa kanka kullum daga Maris zuwa Oktoba: yau iyakar nan tana ina, kudu da ni, a kaina, ko arewa da ni? Sauran matakan duk hanyoyin amsa ta ne.

Mataki na farko: san zafin garinku na yau da kullum

Ba za ka gane zafi ya wuce ƙa'ida ba sai ka san ƙa'idar. Ganiyar zafi tana tafiya ne daga kudu zuwa arewa. Sudan ta Kudu kan sha nata a Fabrairu da Maris, har a watan Maris na 2024 gwamnatinsu ta rufe makarantu saboda shi. Damazin na shan nata a Maris da Afrilu, Sinnar da Madani da Gadarif a Afrilu da Mayu, Khartum a Mayu da Yuni, Atbara da Dongola kuwa sai Yuni zuwa gaba. A Dongola ne aka auna digiri 49.7 a watan Yunin 2010. In ka ji labarin zafi ya tsananta a garuruwan da ke kudu da kai, fara shiri, layi ne ke matsowa.

A Madani da Khartum, zafin rana na Afrilu da Mayu yakan tsaya wajen digiri 41 zuwa 42, na asuba kuma tsakanin 21 da 28. Wannan shi ne abincin kullum, ba shi ake kira tsananin zafi ba. Mizanin da nake ba mutane shawara su riƙe shi ne: kwana uku a jere zafin rana ya ɗara na al'adar garinku da digiri 2 ko 3, kuma na asuba ya ƙi sauka ƙasa da 29 ko 30. In biyun nan suka haɗu, an shiga.

Akwai alama ta kyauta da ke buɗe wannan lokaci. Kafa sanda a miƙe a fili, ka dube ta gab da ƙarfe 12 na rana. Ranar da inuwarta ta ɓace ƙarƙashinta, rana ta daidaita a kan garinku. A Mai Wurno da Sinnar hakan na faruwa a makon ƙarshe na Afrilu, a Khartum kuwa a kwanakin farko na Mayu. Makonnin da ke biye, kafin ruwa ya sauka, su ne na zuba ido.

Mataki na biyu: rataya ma'auni inda zai faɗi gaskiya

Nan ne aka fi yin kuskure. Wani zai ajiye ma'auni a rana ko a cikin mota, ya ɗauki hoto ya watsa cewa zafi ya kai 58. Abin da ya auna zafin gilashi ne da ƙarfe. Zafin da masana ke bayarwa na iska ne a inuwa, a tsayin mita ɗaya da rabi daga ƙasa ko kusa da haka, a wurin da iska ke ratsawa. To, nemi rumfar kara ko ƙarƙashin dalbejiya mai duhun ganye, nesa da bango, nesa da murhu, ba ƙarƙashin rufin kwano ba, ba kuma a kan siminti ba. Rataya shi da zare daidai ƙirjinka, kada ya jingina da komai. In ka zaɓi wuri, kada ka sake canja shi, domin amfanin lambobin yana cikin kwatanta yau da jiya.

Karanta shi sau uku. Bayan sallar asuba kafin rana ta fito, lokacin da iska ta fi sanyi. Tsakanin ƙarfe 2 da 3 na rana, lokacin da zafi ke kai ƙarshensa, domin ƙasa na ci gaba da gasa iska bayan rana ta karkata. Sai kuma bayan isha'i. Rubuta kwanan wata da lambobin uku a layi ɗaya. In akwai ɗalibi a gidan, ba shi wannan aiki, yara sun fi manya riƙe shi.

In aka ce in zaɓi ɗaya cikin ukun, na asuba zan ɗauka. Jiki na iya jure rana mai 44 in dare ya ba shi hutu. Amma in asuba ta yi 27 yau, 28 gobe, 30 jibi, ɗakuna ba su huce ba, tsofaffi ba su yi barci ba, kuma kowace rana tana farawa ne daga inda ta jiya ta tsaya. Hawan asuba kwana biyu a jere shi ne gargaɗin da ya fi kowane zuwa da wuri.

Mataki na uku: tsumma a kan gora, da kofin silba

Ɗaura tsumma mara nauyi a kan gora, ka kafa ta inda ta fi katanga da rufin ɗaki tsawo. Duk lokacin da ka karanta ma'auni, rubuta inda iska ke fitowa da ƙarfinta: tsumman a kwance yake, yana kaɗawa, ko ya miƙe. Alƙibla a yankinmu tana arewa maso gabas, ba gabas sak ba, saboda haka daidaita kusurwoyinka da mafitar rana da mafaɗarta.

Sai auna laima, wanda shi ne zuciyar aikin. Zuba ruwa rabin kofin silba, goge bayansa ya bushe, ka zauna a inuwa. Riƙa jefa ƙanƙara ƙanana ɗaya bayan ɗaya kana motsawa da ma'aunin a hankali, idonka a kan jikin kofin, kuma kada numfashinka ya taɓa shi. Za ka ga lokacin da ƙyallin silban ya dushe, wani siririn gumi ya lulluɓe shi, in ka ja yatsa ya bar layi. Nan take karanta ma'aunin. Wannan lamba ita ce ma'aunin raɓa, wato sanyin da iskar ranar za ta kai kafin ta fara zubar da ruwan da ke cikinta. In kofin ya ƙi yin gumi har ruwan ya kusa daskarewa, ko lambar ta gaza 5, iskar arewa ce zalla a kanka. Tsakanin 10 da 15, iyakar ta matso. Masu bibiyar wannan iyaka a faɗin Sahel sukan ja layinta ne a wajen 15, saboda haka in ka haura 15, iskar kudu ta rufe ka. In ta kai 20 ko fiye, iskar damina ce cikakkiya.

Ranar da babu ƙanƙara, naɗe gindin ma'aunin da ƙyallen auduga mai tsabta, jiƙa shi, ka yi masa fifita minti biyu ko uku har lambar ta daina sauka. Kwatanta da ta busasshen ma'auni. In iska na 42 kuma jiƙaƙƙen ya sauka wajen 21 ko 22, iska a bushe take ƙwarai. In tazarar ta ragu zuwa 12 ko ƙasa, laima ta yi yawa.

Randa ma tana faɗa. Sanyin ruwanta daga tsatsafar jikinta yake, wadda busasshiyar iska ke kwashewa. A Afrilu, ana tsakiyar zafi, ruwan randa kan yi sanyi har ya kama haƙori. Ranar da Inna ta ce, "Yau randar nan ta ƙi sanyi," kuma bayanta a jiƙe sharkaf bai bushe ba, kada ka zargi randar. Haka mukayyif na ruwa, wato na'urar sanyaya ɗaki: in ya koma hura iska mai ɗumi da danƙo alhali famfonsa na aiki, laima ce ta shigo gari.

Mataki na huɗu: bambanta zafi biyu

Busasshen zafi shi ne na Maris zuwa tsakiyar Mayu. Alamunsa: iskar arewa da aka saba ta yi rauni ko ta mutu, tsumma ya kwanta, sama ta yi fari babu ko ƙyallin girgije, ƙananan guguwa suna ta tashi a fili da hantsi, kofin silba ya ƙi gumi. Abin da ke faruwa a sama shi ne iska na saukowa daga can ƙololuwa, kuma iskar da ke sauka tana matsewa ta ƙara zafi, kusan digiri 10 a kowace kilomita. Saukowar nan ta hana girgije haɗuwa. Ƙasa kuma ta bushe, babu ruwan da rana za ta ɓata ƙarfinta wajen busarwa, sai duk ƙarfin ya tafi gasa iska. In ƙura ta rataya a sama da dare, sai ta tare zafin da ƙasa ke fitarwa, asuba ta zo da ɗumi. Irin wannan zafi yakan karye ne in iskar arewa ta dawo da ƙarfinta, wanda a Maris da Afrilu yakan biyo bayan wucewar iskar hamsin, mai zafi da ƙura, a Masar.

Zafi mai laima shi ne na ƙarshen Mayu da Yuni, kuma shi na fi tsoro. Tsumma na nuna kudu da dare da safe, da rana ya koma arewa ko ya rikice. Kofi na gumi a 16 ko 18. Da magariba ana ganin hadari can kudu ko gabas, ana walƙiya babu tsawa. Ma'aunin rana na iya sauka zuwa 39 ko 40, mutum ya ɗauka an samu sauƙi, alhali asuba ta haura 30. Jiki na hucewa ne ta bushewar gumi, to a irin wannan iska gumin ba ya bushewa, sai dai ya riƙa zuba. Mai noma a hawasha, wato gonar ban-ruwa, da mai dakon kaya a kasuwa sukan faɗi a ranar da lambar ba ta kai ta makon jiya ba.

Habub, wato bangon ƙurar nan da ke tasowa da la'asar ko magariba daga Mayu zuwa Yuli, iska ce da ta faɗo daga hadarin da ya zuba ruwa a wani wuri. Takan sauke zafi na dare ɗaya. Ba ta nufin damina ta sauka, amma tana gaya maka ruwa ya zuba a kusa.

Mataki na biyar: in akwai waya

Lambar da ke fitowa a fuskar waya ba awo ba ce, hasashen kwamfuta ne, kuma sau da yawa na birni mafi kusa ne, ba na ƙauyenku ba. Yi mako biyu kana kwatanta ta da littafinka. In kullum waya na cewa 41 ma'auninka na cewa 43, ka san gyaran da za ka riƙa yi.

Manhajar Windy kyauta ce, kuma tana nuna hasashen cibiyar Turai mai suna ECMWF da na Amurka mai suna GFS. Duba su biyun. In sun yi daidai a kan cewa zafi zai hau nan da kwana huɗu, ɗauki maganar da gaske. In sun saɓa, jira gobe ka sake dubawa. Hasashen zafi na kwana uku abin dogaro ne, na mako guda a riƙe shi da hannu ɗaya, abin da ya wuce kwana goma kuwa kada ka sayar da tunkiya saboda shi.

Ga dabarar da masu aikin ke yi. A kan taswirar zafi, matsa tsayin zuwa inda aka rubuta 850, wato kimanin mita 1,500 sama da teku. Zafin wurin ba ya hawa da sauka tsakanin dare da rana sosai, don haka ya fi nuna ainihin iskar da ke tafe. Filayenmu na wajen mita 400 ne sama da teku, saboda haka a ranar busasshiyar iska ƙara 12 zuwa 14 a kan lambar, ka samu zafin la'asar. In ka ga 28, sa ran 40 zuwa 42. In ka ga 31 na matsowa kanku, sa ran 43 zuwa 45. Daga nan buɗe taswirar ma'aunin raɓa, wadda a Larabci aka rubuta nuƙɗatun nada, ka nemo inda launi ya canja a wajen 15. Iyakar ke nan a gaban idonka. Tura kwanaki gaba ka ga ko tana hawa ko tana komawa.

Hasashen ruwa bai kai na zafi ƙarfi ba, ko kusa. Hadarin ƙasar nan yakan zuba a wannan ƙauye ya tsallake na gaba. Abin da kwamfuta ta iya shi ne gaya maka mako mai laima da mako busasshe, ba gonar da za ta samu ba. Saurari sanarwar Hukumar Yanayi ta Sudan a rediyo ko a shafinta, musamman gargaɗin zafi da na ruwa mai ƙarfi.

Akwai kuma hanyar da ta fi manhaja sauri, ita ce dangi. Mu mutane ne da ke warwatse daga Damazin zuwa Kasala, kuma hadari a nan galibi daga gabas yake tafiya yamma, laima kuma daga kudu take hawowa. Kira wanda ke kudu da kai ko gabas: "Kawu, barka da asuba. Yau iskarku daga ina take? An yi raɓa?" In na Damazin ya ce mako guda ke nan iskarsu ta kudu ce, na Mai Wurno ya ce jiya ta juya, kai da ke Jazira ka san kwanakin zafi mai laima sun kusa ƙofarka.

Mataki na shida: ɗaukewar ruwa da ranar shuka

A kowane watan Mayu ICPAC, cibiyar hasashen yanayi da ke Kenya ta IGAD, ƙungiyar ƙasashen gabashin Afirka, tana fitar da hasashen damina na Yuni zuwa Satumba. Ba ta cewa za a yi fari ko ba za a yi ba. Tana raba yiwuwa uku ne: ruwa sama da al'ada, daidai al'ada, ko ƙasa da ita. In an ce kashi 50 na ƙasa da al'ada, sauran 50 na nan, amma ya isa ka karkata ga irin dawa mai saurin nuna, ka rage faɗin abin da za ka ci bashi a kansa. Saurari kuma labarin El Nino, wato ɗumamar ruwan tekun Pasifik. Sau da yawa yana zuwa da ƙarancin ruwa a Sudan da tsaunukan Habasha, kamar yadda aka gani a 2009 da 2015.

Alamun iyaye na da wurinsu. Zuwan shamuwa da zubar ganyen gawo suna tafiya da shigowar laima. Kaza da 'ya'yanta takan ɓace daga sararin magariba wajen ƙarshen Afrilu, ta sake bayyana da asuba a Yuni, kuma tsakanin nan ne ganiyar zafi. Manoman ƙasar nan suna ƙirga taurarin damina, kowanne kwana 13: Zira'a daga 9 ga Yuli, Nasara daga 22 ga Yuli, Ɗarfa daga 4 ga Agusta, sai Jabha daga 17 ga Agusta, ita kaɗai mai kwana 14. Kalanda ce mai kyau, tana gaya maka lokacin da ya kamata ruwa ya zo. Ba ta gaya maka ko bana zai zo. Wannan sai gwangwani.

Kafa gwangwanin a fili, nesa da itace da rufi, a kan turke don awaki. Bayan kowane ruwa, tsoma rula ka rubuta milimita nawa. Milimita 1 lita ɗaya ce a kowace murabba'in mita, wato milimita 20 lita 84,000 ce a fadan guda (murabba'in mita 4,200). Ƙa'idar da masana noman Sahel suka daɗe suna aiki da ita ita ce: damina ta kafu in an samu milimita 20 cikin kwana uku, kuma ba a yi fiye da mako guda babu ruwa ba a cikin watan da ya biyo baya. Rabin farko gwangwani zai gaya maka. Rabi na biyu kuwa sai ka duba kofinka da taswirar raɓa: in iyakar ta wuce ku da nisa ta zauna, shuka. In har yanzu tana kai da komowa a kanku, yayyafin farko ne kawai, kuma shi ne ke cinye irin talaka.

Baƙar ƙasar Jazira da Gadarif tana da nata sharaɗi. A ƙarshen rani takan tsattsage har hannu ya shige cikin tsagar, kuma ruwan farko duk can yake zurarewa. Sama ta yi laushi, ƙasa na nan a bushe. Je gonar da fartanya, ka tona zurfin taki ɗaya da rabi, ka damƙi ƙasar ƙasan. In ta dunƙule ta riƙe shatin yatsunka, kuma tsagogin sun haɗe bakinsu, ta sha. In ta wargaje, koma gida da irinka. Madani na samun wajen milimita 300 ne a shekara, Gadarif wajen 600, saboda haka na Jazira da ruwan tur'a, wato magudanar ban-ruwa, ba ya kaiwa gonarsa ba shi da damar yin shuka sau biyu.

Ɗaukewar ruwa a tsakiyar damina ma tana da alamu. Raɓar safe ta ɓace daga ganyen dawa. Lambar kofi ta faɗo ƙasa da 15. Tsumma ya koma nuna yamma ko arewa. Gizagizai su taru da azahar, kafin la'asar sun narke. In ka ga uku daga cikin waɗannan kwana biyu a jere, dakatar da zuba yuriya, domin a busasshiyar ƙasa mai zafi iska ce za ta sha ta. Yi noma da wuri don ciyawa ta daina raba ruwan da shuka, ka kuma rage tsiron da ya yi cunkoso. Mai hawasha ya bi sawun ranar da ruwa zai iso abu ishirin ɗinsu, wato ƙaramar magudanar da ke kai ruwa gonakinsu, tun kafin ganye ya fara naɗewa.

In ka hango shi, me za ka yi?

Faɗa wa mutane. Sanin da ya tsaya a littafinka bai tsare kowa ba. Sami liman bayan magariba: "Allah gafarta Malam, alamu sun nuna daga jibi zafi zai tsananta kwana uku ko huɗu, a taimaka a sanar." Faɗi abin da ka gani da kwanakin da kake zato, kada ka ƙara gishiri, don gobe a sake saurarenka.

Cika randuna da jarkoki tun ana saura kwana biyu. A kafa sanda mai zane a hafir, wato tafkin da aka haƙa don tara ruwa, domin a wannan lokaci rana da iska kaɗai na iya shanye kusan santimita ɗaya a yini, ban da abin da mutane da dabbobi ke ɗiba. Saniya ɗaya na iya shan fiye da lita 40 a ranar zafi. A mai da kiwo da aikin gona daga asuba zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar. Mai aiki ya sha kofi guda kowane minti 20 ko bai ji ƙishi ba. In gumi ya yi yawa ko akwai gudawa, a dama ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. A fitar da tsofaffi da masu jego da jarirai daga ɗakin kwano zuwa rumfa, a riƙa leƙa wanda ke zaune shi kaɗai, musamman a matsugunan waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu, inda tanti ke fin waje zafi.

Wanda jikinsa ya yi zafi ƙwarai, ya fara sambatu ko tangaɗi ko ya suma, bugun rana ne, kuma yana kisa cikin sa'o'i. A kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a yi ta kwara masa ruwa ana fifita, a nufi asibiti ana ci gaba da jiƙa shi a hanya. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki, kuma maganin zazzaɓi ba ya sauke irin wannan zafi. A aikin Hajjin 2024 fiye da mutum 1,300 suka rasu, galibinsu saboda zafi, kuma da yawansu sun yi doguwar tafiya ne a rana babu inuwa. In kuwa zazzaɓi ne da ciwon kai da sanƙarewar wuya, a yi zaton sanƙarau, wadda lokacinta shi ne na ƙura da bushewa, a garzaya asibiti a ranar.

Kada ka rufe littafin da saukar damina. Idan iyakar ta juyo kudu a ƙarshen Satumba da Oktoba, takan sake ratsa garuruwanmu, gizagizai su janye, laima ta rage a ƙasa, zafi ya sake hawa wajen 39 ko 40. Lokacin ne kuma ake yankan riɗi a Gadarif, aikin da ba ya jira domin kwanson na fashewa, ma'aikata na wuni a fili. Mai gona ya ci gaba da karanta ma'aunin asuba har ƙarshen Oktoba, ya kai ruwa da rumfa bakin gona kafin ranar yanka.